Shekarar da Na Ajiye Gahawar Mai Moɗa

Shekaruna goma sha bakwai, kuma na san za a ce yaron da gemunsa bai wuce silin gashi a haɓa ba, ba shi da tarihin da zai rubuta. To ina da shi. Hassana da Usaina, ku nake rubuta wa, ku ajiye har ranar da kuka iya karatu, domin lokacin da abin ya faru rarrafe kuke yi, kuma labarin da ake bayarwa a gidan nan iri biyu ne, babu na daidai a ciki. Umma takan ce yayanku Faruƙu jarumi ne, ya zauna gaban Yarima ko ƙiftawa bai yi ba. Baba kuwa da an ɗauko zancen sai ya ce bakin yayanku famfo ne da kansa ya lalace. Ni da nake wurin na san gwiwoyina sun yi ta bugun juna a ranar har na ɗauka mutanen majalisa za su tambayi wa yake kiɗa.

Sai kun san Yarima kafin ku gane dalilin tsoronmu. Ba zan rubuta sunansa ba, Baba ya hana. Ɗan gidan sarautar ƙasar nan ne, Baba ya fara tuƙa shi tun ba a haife ni ba, kuma shi ya sa aka ɗauko mu daga Zariya aka ba mu ɗakuna a gonarsa ta Umm Salal. Hausawan da ke aiki a Doha ba sa ce masa Yarima, Mai Moɗa suke cewa. An haife shi lokacin da babu dogayen benayen nan, ana kawo ruwa cikin salka daga rijiyoyi, kuma yana yaro ƙanwarsa ta rasu bayan ta sha ruwan wata rijiya da ta gurɓata. Da aka tura 'ya'yan gidan karatu waje, wasu suka zaɓi aikin soja, wasu kasuwanci, shi ya ce ruwa zai karanta, aka yi masa dariya. Ya dawo ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatar ruwa, yana bin ƙauyukan cikin rairayi ana shimfiɗa bututu, fatarsa ta ƙone har baƙi sukan ɗauka lebura ne su aike shi. Akwai wata tsohuwar moɗar ƙarfe da ba ta barin motarsa. Da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, sai ya ce wa Baba yalla, wato mu je, su nufi gidajen ma'aikata ba sanarwa. Ya hau tsani da kansa, ya buɗe tanki, ya ɗiba, ya sha. Idan ruwan ya yi masa, ya sauko bai ce komai ba. Idan bai yi masa ba, kafin la'asar an rufe tankin an kira mai shi. Ya yi ritaya, gashinsa ya yi fari fat, bai daina ba. Labarin da kowa ya fi sani shi ne na ɗan baffansa mai motocin dakon ruwa. Ya ɗanɗana ruwansu, ya sa aka tsayar da su duka, aka kai mutumin gaban hukuma. Manyan gida suka yi ta zarya ana ba shi haƙuri, bai janye ba. Har yau ba sa gaisawa.

A shekarar da nake ba ku labari, ina da sha biyar, Kawu Habu ya iso mana a bayan motar ciyawar raƙuma, kwance ƙarƙashin dami. Kawu Habu ƙanin Umma ne, bakanike a wani gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu inda ɗakunan leburori suke. Ruwan tankin gidansu ya koma ruwan ɗorawa, yana wari, mutane suna ta gudawa. Kawu ya buɗe baki ya gaya wa manajan kamfanin a gaban jama'a. Bayan nan ciwon ya kwantar da shi asibiti, da ya fito sai ya tarar an kai ƙararsa wai ya gudu daga wurin kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki. A ƙasar nan idan aka rubuta ka gudu, 'yan sanda za su iya tsayar da kai ko a bakin masallaci, kuma wanda ya ɓoye ka shi ma ya shiga ciki. Abin da ke jiranmu idan aka gane ke nan: a kama Kawu, a kori Baba, a sa mu jirgi da kayan jikinmu, ni in bar makaranta a tsakiya, ku kuma a mayar da ku da ciwon ƙirjin da likitocin nan suke lallaɓawa tun haihuwarku.

Baba ya sa shi a ɗakin injin ruwa, can ƙarshen gona bayan dabinai, inda ƙarar injin take rufe tari. Ya dawo gida, Umma ta tare shi a bakin madafa.

"Malam, ka gaya wa Yarima. Maganar ruwa ce, ai sana'arsa ce."

"Ba ki san shi ba, Rabi. Mutumin da ya miƙa ɗan baffansa ga hukuma, Habu ne zai ƙyale? Ko mu da muka ɓoye mai laifi a gonarsa?"

"Habu ba mai laifi ba ne."

"A takarda mai laifi ne. Kuma ni tun da nake tare da shi ban taɓa roƙonsa ko allura ba. Ba zan fara da wannan ba."

"To sai yaushe?"

"Sai Allah ya kawo mafita."

Ni aka ɗora wa kai abinci. Kullum bayan azahar in saka kwano a bokiti, in rufe da tsumma, in bi ta cikin dabinai kamar mai zuwa wanke keke. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gona sai in laɓe bayan dabino da bokitina. Umma ta daina kunna rediyo don ta riƙa jin motsin waje. Baba ya rame har wandonsa ya fara neman taimako. Kawu kuwa idanunsa suka yi rawaya, yana zaune kan buhu, zufa tana zuba, ya ce mini ba kansa yake tunani ba, abokan ɗakinsa yake tunani, su har yanzu ruwan suke sha.

Wata rana injin ya tsaya, wani mai ban-ruwa ya ji tari daga ɗakin. Ya tambaye ni ko na ji. A nan hazaƙata ta motsa. Na ce masa ba ji kawai na yi ba, na gani: aljani ne, dogo har kansa yana taɓa rufi, idanunsa rawaya, yana son shinkafa da miya, kuma ya ce duk wanda ya leƙa zai juya masa ƙafafu baya. Na yi tsammanin zai tsorata ya yi shiru. Ya tsorata, amma bai yi shiru ba. Kafin Juma'a aljanina ya sami kai biyu da wutsiya, masu ban-ruwa sun ƙi taka wannan ɓangaren, dabinai sun fara sunkuyar da kai. A gonar Mai Moɗa, itace ya yi ƙishi, ai kun san labari zai kai inda zai kai. Aka aiko cewa Yarima yana son ganin yaron da ya ga aljani a ɗakin injinsa, a majalisar bayan la'asar.

Baba ya zaunar da ni, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa.

"Za ka ce wasa kake yi. Ka ba da haƙuri. Khalas, shi ke nan. Ko kalma ɗaya kada ka ƙara."

"To, Baba."

"Ka gaishe shi da ɗal umrak, wato ranka ya daɗe. Kada ka miƙe ƙafa. Kada ka nuna masa tafin ƙafarka. Kada ka yi dariya. Faruƙu, kada ka yi dariya."

Ya koya mini komai, har yadda zan numfasa. Abu ɗaya ya manta, domin bai taɓa zaton za a kula ɗan direba da shi ba.

Majalisar doguwa ce, kujeru jere a jikin bango, cike da dattawa masu fararen riguna, ƙamshin turaren wuta ya cika ta. A nan Yarima yake sauraron masu koke kowace Juma'a: mai rigimar rijiya, mai neman a ja masa bututu, mai ɗan da ke neman aiki. Sanyin na'ura ya isa ya daskarar da nama, amma ni rigata ta jiƙe. Aka nuna mini kujera kusa da shi, Baba ya tsuguna a gefena don ya fassara inda Larabcina ya gaza. Yarima ƙaramin tsoho ne, bai kai Baba tsawo ba, sai dai idan ya dube ka ji kake kamar tanki ne kai an buɗe murfinka. Ya ɗaga yatsa, mai zuba gahawa ya taho da butarsa mai dogon baki, ya tsiyaya a ɗan kofi marar mariƙi, ya miƙo mini.

Kun san Kaka ta Zariya, ko da yake ba za ku tuna ta ba. Ita ta raine ni, kuma dokarta ita ce yaro mai kunya ba ya ci ba ya sha a gaban babba. An ba ka, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye, sai babban ya tashi. Ta dasa mini wannan da bakin muciya. Don haka na karɓa da ladabi irin wanda Kaka za ta yi alfahari da shi, na ajiye kofin a ƙasa gabana, na sunkuyar da kai.

Majalisar ta mutu. Dattijon da ke magana ya tsaya da baki buɗe. Mai gahawa ya ƙame da buta a sama, ya dubi kofin, ya dubi butarsa, kamar an zage shi. Na ji numfashin Baba a kunnena.

"Ka kashe mu," ya ce da Hausa, a hankali. "A nan wanda ya ajiye kofi bai sha ba, roƙo ya kawo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa. Idan ba shi da roƙo, to ya ce gahawar gidan ba ta shawuwa."

"In ɗauka in sha?"

"Ka makara. Roƙi wani abu. Keke. Ƙwallo. Komai."

Yarima ya yi ɗan murmushi, ina jin ya ɗauka abin dariya ne, yaro da al'adar manya. Ya faɗi abin da mai gida yake faɗa, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Sha gahawarka, yaro. Abin da ka zo nema ka samu."

Ina so ku sani, keken ya zo har bakina. Na ga launinsa ma, ja ne. Da na ce keke da an yi dariya, an sallame mu, mu koma gida mu ci gaba da jin tsoron kowace mota. Kuma gobe Yarima zai aika a gyara injin, a buɗe ɗakin. Abin da ya hana ni shi ne idanun Kawu, da maganarsa cewa abokansa har yanzu suna sha. Na kuma lura tsohon ya riga ya yi alkawari a gaban shaidu, tun bai ji roƙon ba. Ban yi dogon tunani ba, don da na yi da ban faɗa ba. Na ce da Larabcina na makaranta, muryata tana rawa kamar ta ɗan akuya:

"Ɗal umrak, aljanin kawuna ne."

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya dafe ƙasa da hannu. Yarima ya ce in ci gaba, na ci gaba, famfo ya ɓalle: gareji, tanki, asibiti, ƙarar da aka kai, motar ciyawa, bokiti. Na ce roƙona kada a kama Kawu, kada a kore mu. Ina jira ya tambayi yadda muka yi ƙarfin halin ɓoye mutum a gonarsa. Bai tambaya ba. Ya tambayi launin ruwan. Ya tambayi irin warinsa. Ya tambaya ko akwai wanda ya mutu. Daga nan ya juya wurin Baba, murmushin nan ya tafi, ya kira shi yadda Larabawa suke kiran uba da sunan ɗansa.

"Abu Faruƙ, wa yake wanke moɗar da ke motata?"

"Ni ne, ɗal umrak."

"Kana wanke ta kullum. Kana tuƙa ni muna wuce hanyar Sanaiya. Ka san da wannan tanki, ka yi shiru."

Yarima ya miƙa tafin hannu, Baba ya zaro makullin mota daga aljihu ya ɗora masa. Ni kuma ya ce mini in sha. Gahawar ta huce, ɗacinta ya bi ni har gida.

Kafin magariba sakataren Yarima ya zo da mota ya tafi da Kawu, ba a gaya mana ina ba. Umma ta tsaya a ƙofa da ku biyu a hannu har motar ta ɓace, ta shiga ɗaki ta fara naɗe kayanku a akwati tana cewa gyara take yi. Baba bai buge ni ba, da ma ya buge ni. Ya daina yi mini magana ne kawai. Idan yana son gishiri sai ya ce wa Umma ta gaya wa ɗanta ya miƙo gishiri, alhali ina zaune kusa da gwiwarsa. Da safe ya yi wanka, ya sa kayan aiki, ya zauna a ƙofar ɗaki yana kallon wani direba yana fitar da motar da ya fi sanin ƙararta a kan muryata.

Sai labari ya zo daga masu gadi cewa Yarima ya je Sanaiya. Ya hau tsanin da kansa, da shekarunsa. Sakatarensa ya roƙe shi kada ya sha, ga launin ruwan kowa yana gani, a ɗiba a kai gwaji. Ya ce za a kai gwajin, amma shi bai taɓa rufe tankin da bai ɗanɗana ba, kuma mutanen gidan sun daɗe suna sha babu wanda ya roƙe su kada su sha. Ya shanye moɗa guda. Aka rufe tankin a ranar, aka kawo motocin ruwa. Shi kuma dare bai yi nisa ba aka kai shi asibiti.

Wannan shi ne tsoron da ya fi duka, don na farko aƙalla muna da abin yi, muna da bokiti. Yanzu sai zama. Manyan motocin 'ya'yansa suka riƙa shigowa gona suna fita. Babban ɗansa ya sauke gilashi wata rana ya dube ni, ya ɗaga gilashin, ni kuwa na ji kamar an riga an buga mini hatimin fita. Na ji Baba yana gaya wa Umma cewa alkawarin majalisa na wanda ya yi shi ne, idan ya rasu ya tafi da abinsa, kuma 'ya'yansa sun san bakin da ya tura ubansu kan tsani. Ban taɓa yi wa wani addu'a kamar yadda na yi wa tsohon nan ba. Na yi masa a sujada, na yi masa a banɗaki duk da na san ba a yi, na yi masa a aji har malamin lissafi ya ɗauka amsa nake ƙoƙarin tunowa.

Makonni suka wuce. Wata safiya da hantsi mota ta tsaya a ƙofar ɗakunanmu, inda motar gidan ba ta taɓa tsayawa ba. Umma ta leƙa ta ce innalillahi, ta rungume ku. Kawu Habu ne ya fara fitowa, ya yi ƙiba har da kumatu, yana riƙe da sabon katin zama. Daga baya muka ji cewa sakataren ya kai shi hukuma ne kai tsaye, ya kwana a hannunsu, domin Yarima ya ce doka sai an bi ta ƙofarta, sannan aka kawo takardun asibiti da sakamakon ruwan, ƙarar ta faɗi. Kawu ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, Yarima ya fito da sanda, rigarsa ta yi masa yawa.

Babu kujerar kirki a gidanmu, ya zauna a tabarma. Baba ya rasa inda zai sa hannuwansa. Umma, cikin ruɗewa, ta aiko ni da abin da ke kan wuta, kunun gyaɗa a babban kofin roba mai hoton fure. Na miƙa masa. Ya karɓa, ya shinshina, ya dubi Baba, ya ajiye kofin a ƙasa gabansa bai sha ba.

Baba ya yi tsaye kamar an dasa shi. Sai ni na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, roƙo ya kawo."

"Na sani," ya ce, kuma ita ce kalma ta farko da ya yi mini tun ranar majalisa. Ya durƙusa, ya ce da Larabci, "Sha, ɗal umrak. Abin da ka zo nema ka samu."

Yarima ya zaro makullin ya ajiye a tabarma.

"Sabon direban yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, ga shi ba ya jin tsorona ko kaɗan, kullum surutu. Kai kuma ka yi shekaru kana jin tsorona ban sani ba. Na kwanta a asibiti ina tunanin tankuna nawa na wuce saboda mutanen da ke kusa da ni suna jin tsoro. Ka karɓi makullinka, Abu Faruƙ. Daga yau idan ka ji labarin ruwa marar kyau, ka gaya mini, ko na ɗana ne."

Ya ɗauki kunun ya shanye, ya tambayi sunansa, ya kasa faɗa. Umma ta kwance akwatin a yammacin nan.

Abin bai tafi a banza ba. Ƙodar Yarima ba ta koma daidai ba, likitoci sun hana shi tsani har abada, kuma babban ɗansa har yau idan na gaishe shi kallon gefe yake yi. Idan kun ga tsoho mai sanda yana zaune a mota da ƙofa buɗe, ni kuma ina can sama kan tanki a ranar Asabar ina ƙonewa, to aikina ke nan yanzu: ni nake hawa in ɗebo, shi yake sha. Na taɓa cewa bari in ɗanɗana masa, ya dube ni kamar na nemi sarautarsa.

A ranar da ya zo, bayan motar ta tafi, Baba ya daɗe yana juya makullin a hannunsa. Ya je gareji ya dawo da moɗar, ya miƙo mini.

"Wanke ta. Da sabulu, ciki da waje. Kuma ka rufe bakinka kana wankewa."